Mudi Ya Ƙirga Mu Daga Sama

Ke Nusaiba, ajiye wayar nan kafin in jefa ta a turmi in bi ta da taɓarya. Tun la'asar kike dangwale-dangwale, wai malaminku ya ce ki binciko gida nawa ne a Tudun Marke, mutum nawa ke kwana a ciki. Yanzu da intanet ɗin ya ƙi ba ki amsa, sai kika tuna kina da kaka? Ni sa'arki ce da za ki tsare ni da tambaya ina tsintar wake? To tunda kin tambaya, buɗe kunnenki. Ku ma sauran ku matso, ba na maimaita magana. An taɓa ƙirga mu ta intanet ɗin nan, kuma idona ya ga yadda aka ƙare.

Wani mutum ne a unguwar nan, Mudi. Kun san shi, mai gidan can saman tudu. Siriri kamar sillen kara, amma bakinsa ya fi ƙofar gari faɗi. Sau ɗaya ya je Abuja rakiyar buhunan albasa, ya dawo ya ce da shi aka zana titunan garin. Ya sa wa gidansa ƙaton get na ƙarfe, wai saboda motarsa tana kan hanya daga Kwatano. Har yau tana kan hanya. Akuya ce kaɗai ke shige da fice.

Wata shekara, ƙaramar hukuma ta haƙa mana rijiyar burtsatse a dandali. Aka kawo ƙaton tanki shuɗi aka ajiye a ƙasa kafin a gina masa wurin zama. Wajen saukewa murfinsa ya fashe. Ni na ɗauko darona ja, na aurena, aka kifa a bakin tankin don kada ƙadangaru su faɗa. Aro na bayar. Ku riƙe wannan, aro.

Mudi ya naɗa kansa shugaban kwamitin ruwa, ba wanda ya zaɓe shi. Wata safiya aka tashi, babu tanki, babu daro. Mudi ya fi kowa kuka. Ya ce ɓarayin ƙetare ne da babbar mota, shi da kansa ya bi sawunsu har bakin iyaka. Bayan nan sai ya ƙara wa katangar gidansa tsawo har ta wuce ta masallaci. Ya ce tsaro ne, duniya ta lalace.

Ma'aikata suka toshe bakin bututu suka tafi. Mu mata muka koma rafi. Gangara da tulu, hawo da tulu, rani da damina. Wannan gwiwar da kuke ji tana ƙara in na tashi, can na samo ta.

Ana nan sai saƙo ya zo daga sakatariya. Tanki ɗaya ya rage a hannunsu, kuma unguwa biyu ke nema, mu da Gangaren Majema. Wadda ta fi gidaje da mutane ita za a ba. Za a turo Malama Ladidi ta sashen tsare-tsare ta ji hujjar kowa.

Mai unguwa Barau ya tara mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mata biyu masu ƙafa. Kafin Juma'a zan gaya maka mutum nawa ne, har da waɗanda ke ciki ba a haifa ba."

Mudi ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace.

"Iya Tabawa, wannan ƙidayar kakanni ce. Yanzu ba a yawo gida-gida kamar mai tallan ƙuli. Komai yana intanet. Ni daga sama zan ƙirga ku."

Na ce, "Daga sama? Kai shirwa ne?"

Ya ce, "Iya, ilimi ne. Ba za ki gane ba."

Maza suka ce a bar wa Mudi. Ai kun san maza, in abu yana da maɓalli sun yarda da shi.

Mudi ya tare a shagon cajin waya. Ya fara da shafin ƙaramar hukuma. Ya tarar da hoton wani tsohon ciyaman yana yanka ƙyalle, mutumin da ya bar kujera tun kafin a yaye babanki. Ya nemi alƙaluman ƙidaya, ya samu waɗanda suka girmi aurensa, kuma an haɗe mu da ƙauyuka wajen goma a dunƙule, ba a san wane ne na wane ba. Ya faɗa wani shafi na Turanci zalla, ya yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, in an tambaye shi me aka ce sai ya ce, "Magana ce mai zurfi." Data ta ƙare, ya karɓi ta mai shayi. Ta ƙare, ya karɓi ta ladan.

Daga ƙarshe ya gano taswirar nan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, wadda ake ganin rufin gidaje. Wayarsa ƙarama, fuskarta a tsage, rufin kowa ya fito mitsi-mitsi kamar ƙwayar gero. Ya shiga dangwalawa da farce. Duk abin da ya gani da rufi, mutum goma ne a ciki. Ya fito yana shelar cewa saura kaɗan mu kamo Kano.

Ranar da Malama Ladidi ta zo, aka taru a ajin firamare da hantsi. Ta zo da majigi da kwamfuta. Aka rufe tagogi da zannuwa, janareto ya ɗauka, bu-bu-bu. Sai ga Tudun Marke a jikin bango, faɗin garu guda, kamar an cire mana hula ana leƙen kanmu. Mudi ya sha babbar rigar aro, ya riƙe tsumagiya yana nuni.

"Ranki ya daɗe, ga gida. Mutum goma. Ga gida. Mutum goma. Ga wani..."

Malama Ladidi ta gyara tabarau. Mace ce mai sanyin magana.

"Malam Mudi, wannan zagayayyen kamar rumbu ne."

"Hajiya, a ƙa'idar bincike na zamani, duk abin da ke da rufi..."

Tanimu mahauci ya yi tsalle daga baya. "Rumbuna ne wannan! Wallahi ɓeraye ne a ciki, kuma sun fi goma!"

"Wancan kuma akurkin kajina!" in ji Kande.

Wani kuma ya ce, "Kai Mudi, har da makewayin masallaci ka sa wa mutum goma?"

Aji ya kece da dariya. Mutanen Gangaren Majema da suka zo kallo har da tafi. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon tankinmu yana tafiya gangare, ina jin rafi a gwiwata.

Mudi ya share gumi da hannun rigar mutane. Mai hankali da ya zauna. Amma baki ba ya barin mai shi.

"Hajiya, laifin ginin ƙauye ne, ba tsari. Bari in nuna miki gidan da aka gina bisa ƙa'ida, irin na Abuja. A matso da hoton can sama. Ƙara. Ƙara dai."

Ta matso da hoton. Ga katanga. Ga get. Ga ɗaki ƙwaya ɗaya, shi da ke ce mana shida ne. A bayan ɗakin kuma, ga wani abu zagayayye, shuɗi shar, da ɗigon ja a tsakiya.

Shi a 'yar wayarsa bai taɓa ganin wannan ba. Ya yi katanga ya tare idon maƙwabta ta gabas da yamma, kudu da arewa. Ya manta sama ba ta da ƙofa.

Kowa ya zuba wa bango ido. Janareto kaɗai ke magana.

Malama Ladidi ta ce, "Wannan shuɗin fa?"

Mudi ya ce, "Wurin ninƙaya ne. Irin na manyan otal."

"A unguwar da ba ruwa?"

"Ai... busasshe ne tukuna."

"Jan da ke tsakiya fa?"

"Ƙwallon yara."

Ban san lokacin da na miƙe ba, gwiwa ma ta manta tana ciwo.

"Darona! Na rantse da wanda ya halicce ni darona ne! Ko daga wata aka ɗauko hotonsa zan gane shi!"

Wuri ya hargitse. Mudi ya ce bari ya je ya ɗauko caja, ya fice fit ta taga, ya bar rabin rigar aro a jikin ƙusa. Muka ɗunguma saman tudu, mai unguwa, Liman, Malama Ladidi, mata da goyo, har 'yan Gangaren Majema da ba a gayyace su ba.

Matarsa Lantana ce ta buɗe mana get. Baiwar Allah, ita ma da mu take zuwa rafi, Mudi ya ce mata duk ranar da ta buɗe baki ta haɗa kayanta. Ga tanki nan tsaye, an fara rufa masa zana an bari, darona a kife a kai, ya ɗan karkace.

Mai unguwa ya ce, "Ina mai gidan?"

Lantana ta kalli tanki. Ta kalli ƙasa. Ta sake kallon tanki.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga kowa ba."

"Me ke ciki?"

"Wakensa ne na bara, yana jiran ya yi tsada. Ya zuba masa dakakken barkono don kada ƙwari su ci." Ta gyara ɗaurin zani. "In za ku mirgina shi, ku bi ta hanyar duwatsu. Ta fi kusa."

Samari suka kwantar da tankin. Darona ya faɗo ƙwangaram, na cafe shi kafin ya gama juyi. Tanimu ya ce, "Kai, waken nan da nauyi!" Aka turo shi ta ƙaton get. A ranar ne kaɗai get ɗin nan ya ga abin da ya cika shi.

Aka sake shi a gangare. Gungurun-gungurun! Wake na zuba ta baki, kaji na bi, ƙurar barkono na tashi. Ya daki dutse, dam! Ya yi tsalle, ya sake daka, dam! Mu muna bin sa da guɗa. Har ga Allah na yaba wa Mudi abu ɗaya, ya yi ƙoƙari. Tun daga saman tudu har gindin marke bai ce uffan ba.

Tanki ya zo dandali ya tsaya, ya ɗan yi lilo. Kowa na haki. Sai muka ji daga ciki:

"Hat... hat... HATSHIII!"

Yara suka watse. Kande ta ce aljani ne. Aka yi cirko-cirko. Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin tanki, a galabaice, don abin da mutum ya saba tun yana yaro ba ya barin sa ko a cikin wake:

"Alhamdu lillahi."

Liman kuwa, Allah ya ja zamaninsa, ko tunani bai yi ba. Ya sunkuya wajen bakin tanki ya ce, "Yarhamukallahu."

Ƙafa ce ta fara fitowa. Aka jawo shi kamar ana zare tsutsa daga goro. Ido jawur, hanci na zuba, wake a kunne, wake a gemu. Ya miƙe, ƙasa ta juya da shi, ya zauna daɓas. Duk da haka sai da ya ɗaga yatsa.

"Jama'a... bincike nake yi. Ina auna... hatshi!... ina auna cikinsa."

Malama Ladidi ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce, "Iya, ke da kika iya ƙidaya, wannan a me za mu sa shi?"

Na ce, "Yarinya, ai bisa ƙa'idar mai shi, duk abin da ke da rufi gida ne. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya, ƙofa ta sama. Sauran mutum taran ne ban gani ba, sai a tambaye shi."

Tankin sakatariya aka ba Gangaren Majema, mu aka ɗora mana namu. Mudi ne ya wanke cikinsa, tunda shi kaɗai aka tabbatar yana shiga. Duk da haka sai da muka yi wata muna shan ruwa mai yaji-yaji. Shi kuwa har gobe ba ya bi ta dandali, don da yara sun hango shi, ko bai yi atishawa ba, sai su haɗa baki: "Yarhamukallahu, Baba Mudi!"

Ke kuma Nusaiba, duba taswirarki, ban hana ki ba, ta yi mini rana. Amma gobe da safe ki sa silifa ki bi gida-gida ki yi sallama, tauraro ba ya sanin wa ke da ciki. Yanzu ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nemi shimfiɗarsa. Kai Nafi'u, sauke ƙafarka daga kan daron nan. Ya fi ubanka suna, shi har sama an san shi.