Alhaji Ɗan-Rasha da Duron Baƙin Mai

Wani mutum ne a majalisarmu, Alhaji Lawandi mai kayan gyaran mota, amma duk kasuwa Ɗan-Rasha ake ce masa. Dalili kuwa, ya taɓa tafiya saro kaya, jirginsu ya yada zango a can, ya sha shayi a filin jirgi ya wuce. Shi ke nan fa! Tun daga ranar babu wanda ya isa ya ce ana sanyi a gabansa.

"Sanyi? Ku kun san sanyi? A Rasha in ka yi sallama, daskarewa take yi a iska. Sai bazara ta zo ta narke, sannan a amsa maka."

Da kasuwa ta yi masa albarka, sai ya je can kan tsaunin Mambila, bayan Gembu, ya ƙera gidan hutu a gefen wani tudu. Wuri ne mai kyau kamar a zane, sai dai ko turken lantarki babu, ga sanyi mai shiga ƙashi. Alhaji ya sayo wani ƙaton murhun ɗumama ɗaki mai aiki da mai, aka girke shi a falo. Ya kuma yi wa gidan inshora, ba don tsoron gobara ba, sai don ya riƙa cewa a majalisa, "Gidana na kan dutse, wanda ke da inshora."

Ma'aikaciyar kamfanin inshorar, Hajiya Ladidi, mace mai sanyin magana, ta je ta duba gida. Ta tsaya gaban murhun ta ce, "Alhaji, wannan kananzir mai tsabta yake sha. Ka ajiye shi a tanki mai kyau, a sarari, nesa da rafin can na ƙasa. In ka zuba masa wani abu daban aka samu matsala, babu ruwanmu. In kuma mai ya tsiyaya ya ɓata ruwan mutane, kai da su."

Alhaji ya gyara hula. "Hajiya, ni za ki koya wa wuta? Mutumin da ya ɗumama Rasha?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Na dai faɗa."

Tana juya baya ya tambayi kuɗin kananzir a kan dutsen. Da aka gaya masa sai da ya nemi wurin zama. Nan take dabara ta faɗo masa. Ai makanikai abokan cinikinsa ne, kuma baƙin man da suke juyewa daga inji zubar da shi suke yi. Mai ai mai ne! Ya bi gareji gareji ya tara jarkoki, ya samo wani tsohon duro da tsatsa ta gama cinye masa gindi, ya sa aka binne shi a bayan gida don kada ido ya gani, aka rufe bakinsa da ɗan falle-fallen kwano, aka watsa ƙasa a kai. Daga nan gangare ne sumul har rafin da shanun maƙwabcinsa, Arɗo Bappa, ke shan ruwa.

Sai ya gayyace mu walimar buɗe gida. Muka cika motar da ya aiko mana muka hau dutse, kunnuwa na toshewa. Muka iso da hantsi, hazo ya rufe ko'ina, haƙoranmu na kaf-kaf-kaf. Alhaji ya tarbe mu cikin farar shadda ƙal, sai ƙamshi yake.

"Ku shigo ku ga ilimi. Ku rufe tagogi! A Rasha ba a barin ko ƙofar allura."

Muka rufe. Ya ɗura wa murhu baƙin mai, ya ƙyasta ashana. Murhu ya ce tuf. Ya ce tuf-tuf. Ya yi shiru kamar mai tunani.

"Yana gaisawa da man ne," in ji Alhaji.

Bai rufe baki ba sai ji muka yi bum! Wani hayaƙi ya turnuƙe, baƙi ƙirin, mai kauri kamar a yanka da wuƙa. Harshen wuta ya lashi labule, ya haye silin. Wanda ke kusa da ni na ji muryarsa amma ban gan shi ba. Tari ko ta ina. Wani na salati, wani na neman ƙofa ya rungume kabad.

"Kada ku buɗe taga!" Alhaji na ihu yana tari. "Zafin zai gudu!"

Wa ya tsaya sauraronsa? Muka yi waje da rarrafe, muka dawo da bokitai da jiƙaƙƙun barguna, da ƙyar aka kashe. Da muka tsaya a tsakar gida muka dubi juna, sai dariya ta ƙwace mana. Kowa ya zama gawayi, sai idanu da haƙora. Shaddar Alhaji kuwa ta koma kamar tsumman bakanike. Falo ya tashi daga aiki, silin ya zazzago, kujeru sun sha toka.

Shi ko a jikinsa. Ya tofar da baƙin yawu ya ce, "To me aka yi inshora dominsa? Sabon falo zan samu, har da canji."

Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Alhaji, ai matar nan ta yi maka kashedi."

"Ta ga baƙin mai? Kananzir na zuba. Ku duk kananzir kuka gani, ko ba haka ba?"

Muka gyaɗa kai. Mu dai baƙi ne, kuma a motarsa za mu koma.

Ya buga wa Hajiya Ladidi waya, ta ce tana tafe washegari. Alhaji ya tashi haiƙan. Ya wanke murhu da omo, ya yayyafa masa kananzir ɗin fitila don wari, ya tura jarkoki ƙarƙashin gado. Saura duro. Ya kawo tabarma ya shimfiɗa a kan wurin, ya ɗora buta a gefe, wai nan ne wurin shan iskarsa.

Hajiya Ladidi ta iso da safe. Ta duba falo, ta shafa bango da yatsa, ta shinshina, sannan ta juyo gare shi.

"Alhaji, ina kake ajiye man?"

"A galan nake saye, kaɗan-kaɗan. Ya ƙare jiya."

"To mu zaga baya in sha iska."

Alhaji ya riga ta da sauri, tumbi na rawa, ya je ya tsaya ƙyam a tsakiyar tabarma, ya harɗe hannu a baya kamar soja. Mu kuma muka jeru jikin bango, don irin wannan kallo ba a ba da labarinsa.

Ana haka sai ga Arɗo Bappa ya hauro gangare, sanda a kafaɗa, yana janye da wata farar saniya. Fara ce dai daga wuya zuwa wutsiya. Amma baki da ƙafafu, sai ka ce ta sa baƙar safa da baƙin takunkumi.

Ya yi sallama ya ce, "Alhaji, rafinmu ya lalace. Wani baƙin abu ke malalowa daga tudunka, yana kwanciya a kan ruwa. Shanu sun ƙi sha, wannan da ta sha tun jiya take zawo. Matanmu sai can nesa suke ɗebo na girki."

"Daga tuduna? Arɗo, ka ji tsoron Allah! Ƙila arzikin man fetur ne ya ɓullo muku. Ai murna za ku yi."

Hajiya Ladidi ta dubi saniya, ta dubi wata baƙar jiƙa da ta fito daga ƙarƙashin tabarma ta miƙe gangare. Ta ce a hankali, "Alhaji, ɗan matsa in ga tabarmar nan."

"Ba na matsawa! Zargina kike yi? Ni Lawandi?" Ya ɗaga murya don mu ji. "Wallahi in akwai ɗigon baƙin mai a gidan nan, ƙasa ta buɗe ta haɗiye ni!"

Ya ɗaga ƙafa ya buga da ƙarfi. Dim!

Kwano ya ce ƙarrr. Tabarma ta lotsa. Sai ji muka yi zundum!

Alhaji ya ɓace. Hularsa kaɗai ta rage tana lilo a kan mai. Can sai ga kai ya ɓullo, yana furzar da baƙin mai, tumbi ya cushe a bakin duro, ba shiga ba fita. Saniya ta ja da baya ta yi wani dogon kuka.

"Ku fitar da ni! Jama'a, ku kama hannuna!"

Muka yunƙura, amma dariya ta hana mu taɓuka komai. Hajiya Ladidi ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Da ta samu numfashi ta ce, "Alhaji, batun sabon falo dai sai haƙuri. Gyaran rafi da maganin saniya kuma, ga Arɗo nan, ku daidaita."

Arɗo Bappa ya matso a natse, ya tsuguna a bakin ramin, ya dogara sandarsa. Ya daɗe yana kallon Alhaji cikin tausayi, sannan ya ce:

"Sannu, Alhaji. Kada ka yi gaggawar fitowa. Tunda kana ciki, ɗan laluba da ƙafa ka gaya mana ta inda yake yoyo."