Hoton Yaya Sale da Ya Kore Ni Daga Gidana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tayar da unguwarmu tsaye a Haɗeja, ni kaɗai, da wayar hannu da bakin nan nawa.

Yayana Sale soja ne, ya yi yaƙin Laberiya cikin masu bin jirgi mai saukar ungulu. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka bar mini jakar hotunansa, suka ce ni ce mai adana kaya. Yawancinsu daga sama ya ɗauke su: kogi ya cika ya batse, gada ta karye biyu, rufin kwano na leƙowa daga cikin ruwa.

A daminar nan na ce bari dangi su ga abin da marigayi ya gani. Na shimfiɗa hotunan a kan tabarma, na ɗauka da waya, na tura guruf ɗinmu na dangi. Saura bayani. Da saƙon murya na yi, da an wuce wurin. Amma ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da jikoki a gabana, na rantse ba zan ƙara aika murya ba, rubutawa zan yi (kuma rubutuna tafiyar kunkuru ce, a kan isa amma sai an yi haƙuri). Ina cikin neman harafin farko wake ya fara ƙauri a murhu. Na ajiye waya. Shi ke nan.

Ku tuna lokacin da ake ciki. Kogi ya kawo wuya, samari na jera buhunan yashi a kan jinga, kowa na kwana da kunne ɗaya yana jiran a ce an saki ruwan dam. Ni kuwa na san ruwa. A wata ambaliya da ta wuce ina tsaye katangar ɗakina ta zauna kamar an jiƙa sukari, akuyata ta bi ruwa tana kuka ina kallonta. Tun daga nan ko randa ta yi yoyo sai gabana ya faɗi.

Bayan la'asar maƙwabciyata Binta ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Yaya, kin gani? Mun shiga uku!"

Ta miƙo mini wayarta. Hoto ne an zagaye tsakiyarsa da jan layi, ga muryar wani namiji yana haki: gada ta karye, ƙauyuka sun nutse, ruwa na tafe Haɗeja. Ban sa tabarau ba. Ban ma nemi tabarau ba. Na ga rufin kwano cikin ruwa, na ji sanyin ruwan nan na da ya kama mini ƙafa ina tsaye a kan busasshiyar ƙasa.

Na fita da zani ɗaya da mayafi a baibai, ina bugun ƙofofi. "Ku fito! Ruwa!" Mata suka ɗora katifu a ka, yara na ihu, wani ya ɗaure kaji a bayan babur. Sama ta yi baƙi ta gabas, iska ta taso, kowane motsin ganye sai in ji kamar ƙugin ruwa ne ya karyo kwana.

Maƙwabcinmu Malam Idi na ƙofar gidansa, ya ce, "Hajiya, a ɗan tsaya a tambaya mana."

Na ce, "Tsaya ka tambaya, kifi zai ba ka amsa! Ina Inna Asabe?"

Inna Asabe mahaifiyarsa ce, ɓarin jikinta ya shanye, ta daɗe ba ta taka ƙasa ba. Ni na sa aka ɗauko ta, aka shimfiɗa bargo a baro aka kwantar da ita. Duk ramin da baron ya faɗa sai ta yi salati, ni kuma in ce a ƙara sauri. Haka muka isa filin makaranta da ke kan tudu.

Can mai unguwa ya same mu. Ya kira ɗan'uwansa a Auyo, inda ruwa ke bi kafin ya iso mu, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji: kogi na nan inda yake, shi ma yanzu ya sauka daga kwale-kwale. Na ce ƙarya ne, ga hoto (har da buga ƙirji, wallahi).

Binta ta buɗa hoton da yatsu biyu don ta nuna masa gadar. Ta ja shi can ƙasa, ta dube ni, ta dubi hannuna.

"Yaya, wannan babban yatsan da ya danne gefen hoton, ai ni na ƙunsa masa lalle shekaranjiya. Ga tabarmarki ma."

Ashe wani cikin dangi ne ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, kafin yamma hoton ya yi jan layi ya yi murya ya dawo mini gida baƙo. Waya ta zaga hannu hannu. Kowa ya kalli hoton, sai ya kalli yatsana. Na tura shi cikin mayafi, amma ina, an riga an gani. Da muryar da ban san ina da irinta ba na ce, "Laberiya ce."

Babu wanda ya yi dariya. Wata mata ta sauke katifarta a hankali. Sai Inna Asabe ta ɗago kai daga cikin baro.

"To, 'yar nan, a mayar da ni ɗakina ko mu jira ruwan Laberiyan ya iso?"

Ni na tura baron har gida, ban kauce wa idon kowa ba don babu ta inda zan kauce.

Abin da na koya shi ne hoto ba shi da baki, wanda ya riga ka shi ke ara masa nasa. Yanzu sai na gama rubuta bayani, ko wake zai ƙone ƙurmus, sannan in tura. Amma unguwa ba ta mantuwa. Kwanan baya ruwa ya fara lasar jinga da gaske, na fita na ce maza su tashi a cika buhuna. Malam Idi ya leƙo da shebur a kafaɗa, ya ce, "Hajiya, na wace ƙasa ne?"