Idon Birni Ya Nuna Hanyar Shagon Yayarsa

Duk garin nan babu wanda ya kai Idon Birni sanin darajar titi. Mu sauran jama'a taka shi kawai muke yi mu je wurin aiki. Shi kuwa ɗaukarsa yake yi a waya. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta masa a bayan riga, don kada tarihi ya sha wahalar nemansa.

Kekensa abin kallo ne: fitila uku, madubi biyu, ƙararrawa, da wani ƙarfe a gaba mai riƙe waya. Mai gyaran keke ya ce shekara biyu yana ɗaura masa kayan ado amma bai taɓa canja masa taya ba, don tayar ba ta taɓa yin nisan da za ta gaji ba.

Fanninsa shi ne bidiyon gaggawa, irin wanda waya ke dunƙule tafiyar awa guda ta koma 'yan daƙiƙoƙi, motoci na kwarara, gajimare na tsere. Idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya zare tabarau a hankali, ya ce, "Ni lokaci nake matsewa."

Yayarsa tela ce. Da aka rushe layin shagunansu don faɗaɗa titi, sai ta koma wani lungu bayan tashar mota, wanda bakinsa bai fi faɗin ƙofa ba. Masu kawo mata ɗinki suka yi ta wuce wurin, wasu suka gaji suka kai wa wani telan. Kekunan ɗinki biyu suka yi shiru, abokiyar aikinta ta fara maganar neman wani wuri. Abu ɗaya ta roƙi ƙanenta: ya ɗauko mata bidiyon hanya daga tasha zuwa ƙofar shago, ta tura wa mutanenta.

Ya ce ta zo inda ya dace. Ranar farko haske bai yi masa ba. Rana ta biyu gajimare sun ƙi motsi. Ta uku rigar tana wurin guga.

A ta huɗu ya iso tasha da hular kwano da safar hannu. Ya sa masu talla suka matsa, ya ce wa wani direba ya ja motarsa baya don tana ɓata masa fage. Ya juya kyamara wajen fuskarsa ya gyara gashin baki, ya danna, ya hau. Maimakon lungun, sai ya miƙe ta babbar gada da shataletale, wai duniya ba za ta fahimci shagon ba sai ta fahimci birnin. Minti arba'in yana tuƙi yana jawabi.

"Ya ku masu kallo," yake cewa, "wannan birni ya daɗe yana jiran wanda zai gan shi."

Ya iso shago sharkaf da gumi, ya ce a kira maƙwabta. Aka taru, har da mai gyaran keke. Ya hana kowa tari, sannan ya kunna.

Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Ashe tun da ya juya kyamara don gashin baki bai mayar da ita ba. Babu tasha, babu gada, babu shago. Ƙofofin hancinsa ne suka cika allo, haɓarsa na sama da ƙasa kamar ta akuya mai tuƙa. Jawabin ma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba, don irin wannan bidiyo ba ya ɗaukar murya, abin da kowane mai waya ya sani ban da gwanin. Minti arba'in bawan Allah yana kallon fuskarsa a allo, bai ga wani abu da ya ɓace ba.

Ya yi gyaran murya, ya ce salo ne, ba kowa zai gane ba.

"Na gane, ƙanena," in ji yayar. "Ara mini keken."

Ta yanki kwali, ta rubuta TELA da kibiya, ta maƙala a ƙarfen wayar. Ta jingine keken a bakin lungu, ta kunna fitilun uku. Kafin yamma mata huɗu sun shigo da yadi, abokiyar aikin ta koma kan kujerarta.

Keken yana nan har yau, ɗaure da sarƙa. Idon Birni yana yawo a ƙasa, yana shaida wa mutane cewa shi ya tsara tallar. Mai gyaran keke bai musa ba. Ya dai ce tun da aka sayi keken nan bai taɓa kai kowa ko'ina ba, sai da mai shi ya sauka.