Yadda Za Ki Ɗora Telolin Wunti Ɗari Huɗu a Kan Python

Ki bi matakan nan, na ba ki tabbaci za ki gina katafariyar manhaja da Python, harshen kwamfutar da manya ke cewa na ƙananan ayyuka ne, kuma ba mai ƙwace miki ita. Ni Zinariya na yi, ga ni da raina.

1. Ki samo mai raina ki

Nawa Injiniya Ladan ne, shugaban sashenmu. Da ƙungiyar telolin kasuwar Wunti ta nemi manhajar ajiye awon kwastomomi, na ce da Python zan rubuta. Ya ce, "Ƙanwata, Keke Napep ce wannan, ba a ɗora mata kayan tirela." Ya ba ni zuwa Sallah. In ta fāɗi, shi zai sake ta da harshen Java, ni kuma in koma ɗakin gyaran firinta.

2. Ki zuba komai a fayil ɗaya

Layi dubu tara. Kada ki rubuta bayani ko ɗaya. Manhajar da wani zai iya karantawa, zai iya ɗauke ta.

3. Kada ki tilasta wa tela rubuta lamba

Python ba ta da tsegumi, abin da aka ba ta take haɗiyewa. A gurbin awon ciki, Malam Auwalu tela zai rubuta, "Kamar na bara, amma ya ƙara tumbi." Ta karɓa shiru. Ba za ta tanka ba sai ranar da aka ce ta lissafa yadi.

4. Ki jure wannan ranar

Tawa ta zo saura kwana shida Sallah. Manhaja ta lura tumbi ba lamba ba ne, ta tsaya cak a duk shagunan. Malam Auwalu ya bugo: "Injiniya, na fa riga na sa almakashi a shaddar liman!"

Ki ce matsalar sabis ce. Kowa zai yarda.

Kwana uku na yi ina koya wa Python cewa tumbi inci biyu ne, "ta haihu" inci uku, "ya sha azumi" a rage ɗaya. Ban yi kuka ba. A ofis dai.

5. Ki bar shi ya gwada tasa

Ladan bai jira ba, ya kai wa telolin ta Java, tsaf-tsaf, ba ta karɓar komai sai lamba. Sau uku Malam Auwalu yana rubuta zancen tumbi tana ƙi. Ya ture wayar, ya dubi Ladan.

"Injiniya, wannan ba ta da ladabi. So take in zagaya wa liman tef a ciki? A dawo mana da ta yarinyar nan."

Tsame hannu

Fayil ɗin yanzu layi dubu goma sha huɗu ne, ni ma ban san abin da tsakiyarsa ke yi ba. In kin kwaikwaye ni rigar wani ta tsaya a wuya, ban san ki ba. Ki kai ƙara wajen Injiniya Ladan. Yana ɗakin firinta.