Yadda Ake Haɗa Riga Mai Shanye Zafi da Man Shanu

Taƙaitaccen bayani: A watan Afrilun bana, Malam Mijinyawa na Gwangwan, ɗan takarar shugabancin ƙungiyar manoman gyaɗa, ya ƙudurta ba zai yi gumi ranar zaɓe ba, domin abokin karawarsa, Jibo, ya laƙaba masa suna Randa saboda yawan guminsa. Ga hanyar da ya bi. In ka bi ta, sakamako tabbas ne.

1. Nemi ilimi, amma kada ka zarce.
'Yarsa Na'ima, ɗalibar kimiyya, ta bayyana masa a waya cewa masana na cusa kaki irin na kyandir cikin zare: da zafi ya narke ya shanye zafin jiki, da sanyi ya daskare ya mayar. Tana cewa, "Amma Baba, sai an kulle shi cikin ƙananan ƙwanso," ya kashe wayar. Kai ma ka kashe a nan. Ƙarshen bayani na marasa basira ne.

2. Samo abin da ke narkewa.
Kaki sai birni. Man shanu kuwa ga shi a ruga.

3. Tsoma rigar kirki.
Matarsa Saude ta ce, "Malam, shaddar Sallah ce fa! Sawa za ka yi, ko tuwo za mu ci da ita?" Amsa mata yadda ya amsa: "Kimiyya ba harkar madafi ba ce."

4. Gwada da sanyin asuba kawai.
Rigar ta sandare, tana sheƙi kamar daga mabuga take.

5. Tsaya tsakiyar fili da azahar.
A Rogo, wurin zaɓen, man ya yi aikinsa: ya narke, ya gangaro har takalmi, ƙudaje suka halarci taro. Jibo ya shinshina, ya ce, "Jama'a, a kawo shinkafa, Malam ya zo da mai!" Da yake a zaɓen ƙungiyar layi ake ja bayan ɗan takara, magoya bayansa suka matso, suka sha ƙarni, suka sulale bayan Jibo. Gumi dai ba wanda ya gani.

Sanarwa: Marubuci, tsohon akawu, ya wanke hannunsa da sabulu daga duk abin da ya biyo baya.

Abin da aka yi asara: shadda ɗaya, man shanu ƙwarya uku, ƙuri'a sittin da biyu, kujera ɗaya. Sunan Randa ya tafi. Yanzu Soye ake kiransa.