Yadda Za Ka Mayar da Ɗanka Filin Ƙwallo Kafin Juma'a

Ɗan'uwa, idan ɗanka ya kai shekara goma sha ɗaya ya wayi gari ya ce shi da tirenin ɗin ƙwallo har abada, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Hanyar nan tawa ba ta taɓa ba da kunya ba. Gaskiya sau ɗaya aka gwada ta, a kan maƙwabcina Malam Modu, marini a Ƙofar Mata, da ɗansa Abdulmalik. Ni 'ya'yana duk mata ne, shi ya sa nake da isasshen lokacin nazarin 'ya'yan mutane.

Ga yadda abin yake. Abdulmalik yana buga wa ƙungiyar yaran unguwa, Alhamis da Juma'a bayan la'asar, ranakun da babu Islamiyya. Yaro ne da ko kanti aka aike shi sai ya tafi yana harbin gwangwani. Kwatsam ya yi mako biyu bai taka fili ba. Kocinsu, Zaharaddeen, ya aiko cewa ranar Juma'a zai rufe sunayen yara goma sha takwas na gasar unguwanni, kuma wanda bai gani ba a makon nan, babu shi a takarda. Shekara guda yaron yana mafarkin gasar nan.

Mataki na ɗaya: Kada ka tambaye shi dalili

Tambaya tana rage wa uba kwarjini. In ka tambaya zai amsa, in ya amsa ka shiga sauraro, ka ga ke nan gida ya koma majalisa. Kai dai ka yanke hukunci da kanka: lalaci ne da wayar uwarsa. Haka na gaya wa Malam Modu a bakin masallaci, ya ce wallahi abin da ke ransa ke nan.

Mataki na biyu: Ba shi tarihin ƙuruciyarka

Zaunar da shi a tsakar gida ka gaya masa yadda kuka buga ƙwallon tsumma ba takalmi, a kan tsakuwa, daga hantsi har magariba. Ƙara gishiri yadda kake so, shaidu duk sun tsufa. Abu ɗaya kawai, ka tabbata matarka ba ta kusa. Malam Modu yana tsakiyar cin ƙwallo ta huɗu a wani wasa da ba a taɓa yi ba, sai matarsa Fanna ta leƙo daga kicin.

"Malam, ba ce min ka yi gola kake tsayawa ba, don gudu yana sa ka haki?"

Abdulmalik ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Mataki na uku: Tuna masa gatan da ka yi masa

Wannan shi ne makami mafi kaifi, kuma Malam Modu yana da shi. Watan jiya koci ya ce kowane yaro ya zo da shuɗiyar jesi. Sauran iyaye suka nufi kasuwa. Malam Modu ya ce shi da kakan kakansa ya yi rini, ba zai je ya sayi shuɗi a hannun wani ba. Ya ɗauko farar jesin yaron, irin ta roba mai santsin nan, ya tsoma ta a ramin rininsa. Ya san sarai shuni auduga yake so, shekararsa talatin a bakin rami. Amma ya ce in ya dage sai ta kama. Ya tsoma ya shanya, ya tsoma ya shanya, har sau tara, ta fito shuɗiya shar, ya kawo ta gida a kafaɗa yana murmushi.

Don haka ya ce, "Duk yaran nan akwai wanda ubansa ya rina masa riga da hannunsa?"

"Babu, Baba."

"To me ka rasa?"

"Ba komai, Baba."

Ka ji ko? Da bakinsa ya ce bai rasa komai ba. Magana ta ƙare, sai dai har yanzu bai je fili ba.

Mataki na huɗu: In ya ce ciwon ciki, ka yarda

Dafa masa ganyen darbejiya, kofi cike. Masana sun tabbatar ciwon ƙarya ba ya jure ɗaci, yana ganin kofin yake warkewa. Abdulmalik ya karɓa ya shanye tas, ya goge baki ya koma ya kwanta. Wannan ya ɗan dame ni, amma na bayyana wa Malam Modu cewa taurin kai ne ya kai mataki na gaba.

Mataki na biyar: Kada ka saurari uwarsa

Mata ba su san ƙwallo ba. Fanna ta ce, "Malam, da za ka dubi singiletinsa da na wanke, da wuyansa ranar da ya dawo..." Malam Modu ya ɗaga mata hannu ya ce maganar maza ake yi, ba maganar wanki ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da mata ke faɗin haka.

Mataki na shida: Kai shi da kanka

Ranar Alhamis Malam Modu ya tayar da babur ya ce a sa riga a hau. Yaron ya sa, ya hau. Ni ma na bi su, don gwani ba ya barin aikinsa a hannun ɗalibi.

Aka hura usur. Minti goma na farko Malam Modu sai taɓo ni yake yana nuna min yadda rigar ɗansa ta fi ta kowa kyau, kuma ta fi ɗin. Sannan gumi ya fara. Shuɗi ya gangaro wuyan yaron, ya bi damatsansa, ya sauka kan farin gajeren wandonsa. Ya share fuska da gefen riga, fuskar ma ta ɗauka. Wani da suka yi karo ya tashi da tambari a kumatu. Sai yaran gefen fili suka ɗauka baki ɗaya, da tafi, irin na waƙar da aka riga aka saba:

"Bula! Bula! A kawo farin kaya, ga Bula!"

Abdulmalik bai tsaya ba. Yana gudu, yana ba da fasin, bai ko kalli inda ubansa yake ba. Malam Modu ya daina taɓo ni. Na ga ya dubi hannayensa, waɗanda shuni ya kama har gwiwar hannu ba ranar fita, ya zura su cikin aljihu. Kunya ce ta kama shi, da tausayi, kuma ban taɓa ganin su tare a fuskar mutum haka ba.

Mataki na bakwai: Hanyar gida

A nan ba ni da shawara, don an bar ni a fili na tako da ƙafa. Abin da na sani Malam Modu ne ya gaya min. Ya ce sun kai wajen ganuwa ya kashe babur.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Yaron ya daɗe yana murza bakin rigar.

"Baba, ranar da ka gama ta na kawo maka abinci marina. Na ji kana cewa duk rinin da ka yi a duniya na mutane ne, wannan ce kaɗai taka."

Mataki na takwas: Karya dokarka

Juma'a da safe Malam Modu ya shiga kasuwar Kwari ya nemi shuɗiyar jesi, wadda injin wata ƙasa ya rina. Mai shagon ya kalli hannunsa, ya kalli rigar, ya buɗe baki zai yi magana, Malam Modu ya ce, "Sa a leda kawai."

Da yamma aka yi tirenin, ba wanda ya canza launi. Koci Zaharaddeen ya tara yara ya karanta takarda, Abdulmalik ne na goma sha bakwai. Malam Modu yana can nesa wajen babur, hannu a aljihu, wai kada ya ƙara ja wa yaron magana. Koci ya ce duk wanda aka kira ya kawo babansa ya sa hannu. Abdulmalik ya ratsa fili a guje, ya zaro hannun ubansa daga aljihu, ya riƙe shi gam ya ja shi ta tsakiyar yaran. Wani ya fara "Bu...", Abdulmalik ya juya ya kalle shi.

"Babana ne. Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko ciwon cikin gaske, ko dariyar uwargida, ko maƙwabcin da ya daina neman shawararka. In kuma ka tsaya a tsakiyar fili ɗanka yana riƙe da hannunka, ka ɗauki biro za ka sa hannu, rubutu ya dishe maka, kada ka zo ka same ni. Ni ma a lokacin ba na gani sosai.