Rasuwar Mai Tari, Rediyon Motar Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mu mutanen gidan nan muke sanar da 'yan uwa da maƙwabta, musamman shi Yaya mai gidan in ya dawo ya iske takardar nan manne a ƙofa, rasuwar rediyon motarsa, wanda muka fi sani da Mai Tari. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarƙashin rumfar da ake ajiye motar, yana da shekara ashirin da shida a duniya. Ni ƙanwar Yaya aka sa in rubuta, don an zagaya gidan kaf ba a sami mai iya faɗa masa da baki ba.

Marigayin mai ladabi ne. Bai taɓa fara magana bai yi gyaran murya ba: ƙyarr, ƙyarr, tari biyu, sannan zance. In mota ta faɗa rami sai ya yi shiru, in aka ɗan mare shi ya ci gaba, bai riƙe kowa a zuci ba. Amma abin da ya fi kowa shi ne riƙon amana. Shekara tara ke nan da ya haɗiye wani kaset ya ƙi tofarwa. Muryar matar Yaya ce a ciki, Allah ya jiƙanta, ta ɗauka ta aika masa tun yana aiki a nesa. Kullum da safe Yaya zai shiga mota, ko ba inda za shi, ya ja ƙofa, marigayi ya yi tarinsa, sai ka ji ta: "Baban yara, kana ji na kuwa? An ce wai in yi magana a nan." Sai dariyarta. Ban da cikin nan, babu inda muryar ta rage.

Ciwon ajali kuwa ga yadda ya zo. Yaya ya tafi ganin jikar da aka haifa masa, ya bar makulli hannun babban ɗansa, Tela. Shi kuma ya daɗe yana ganin tsohon na kanga kunne a tsohuwar sifika, sai ya sayo sababbi biyu zai sa a ƙofofin gaba, don muryar uwarsa ta zo wa uban ta dama da hagu. Niyya dai mai kyau. Na ce ya kira mai wayarin, ya ce, "Gwaggo, wanda ya shekara ashirin yana zura zare a allura ne za a koya wa zura waya?"

Akwai wata roba kamar maƙogwaro tsakanin ƙofa da jikin mota, ta nan waya ke bi. Ta yi masa gardama, sai ya bi da wayar ta bakin ƙarfe. Ga halin teloli: ba sa iya ganin zare na lilo su ƙyale. Ƙofa a ɗan buɗe, ya ja waya ta yi tam, ya datse rarar da almakashi, ya kunna. Da ya wangale ƙofar don mu ji daga waje, waya ta miƙe, ƙarfe ya feɗe ta. Marigayi ya yi tari ɗaya, ya ce "Baban ya…", sai hayaƙi.

Mai gyaran da ya buɗe gawar ya ce da fiyus na nan da bai mutu ba, amma guntun waya ya tarar an cusa a gurbinsa tun da daɗewa. Mun gane hannun wanda ya yi wannan aikin, don kafin ranar ban da mai motar ba mai taɓa ta. Mun kuma yarda ba mu ga komai ba.

Ya rasu ya bar eriya guda mai lanƙwasa, da tsohuwar sifika, da amaren sifiku biyu da ba su kai ga gama jimla ɗaya ba. Ya kuma bar Tela, wanda kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba, ya ɗinke bakin hannun rigar wani har sau biyu, ko hon ya ji a layi sai ya miƙe tsaye. Da Yaya mai faɗa ne da da sauƙi. Shirunsa muke tsoro.

An ciro kaset ɗin da rai. Sai dai zarensa ya narke kamar tsawon yatsa, daidai inda ya tsaya, mai gyara ya yanke ya liƙa. Gaisuwar ta tafi, wannan mun sani. Ko dariyar ta bi ta, ba wanda ya sani. An aro rikoda a maƙwabta, tana kan tebur, duk gidan an rasa mai dannawa.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe huɗu na yamma a ƙarƙashin rumfa, bayan Yaya ya huta ya ci abinci. Gawar tana cikin kwalin sababbin sifikun. Mai gyara ya ce yana da uzuri. Tela yana ɗakina, kuma Yaya, in ka karanta, don Allah ka fara biyowa ta wurina kafin ka neme shi. Kai za ka danna rikodar da hannunka. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya yi ko tari, don mu ji ko dariyar tana nan.